Kalmar "cleave" da hannun da ya ruɓe

Ɗalibar Zazzau: Assalamu alaikum. Malamai, a taimaka mini. Ƙamus ya ce kalmar Turanci "cleave" tsagawa ce, kamar faskaren itace. Sai kuma na ga an yi amfani da ita ga miji, wai ya manne wa matarsa. Yaya kalma ɗaya za ta raba kuma ta haɗa?

Malam na Bichi: Wa alaikumus salam, 'yata. Kalmomi biyu ne a tsohon Turanci: cleofan, tsagawa, da clifian, mannewa. Da tafiya ta yi tafiya sai lafazinsu ya zama ɗaya. Ta tsagawar ce ta haifi cleaver, faffaɗar wuƙar sara ƙashi, da cloven, da suke faɗa wa tsagaggen kofaton akuya. Ta mannewar ta tsufa. An fi saninta a fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611, wajen maganar aure. In kin ga kalmar Turanci "to" ko "unto" a bayanta, mannewa ake nufi.

Baba Mahauci: Malam, wannan ya tuna mini da tamu: hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ga yanka ga riƙo a magana guda.

Nas daga Maraɗi: Baba, ka gafarce ni, karin maganar nan tana damuna. In ƙafar mai ciwon suga ta ruɓe, yankewa muke yi, in ba haka ba ruɓar ta bi jini ta kashe shi. Kuma na sha jin iyaye suna fakewa da ita su rufa wa ɗa ɓarawo asiri.

Hajiyar Fagge: 'Yar nan, sake sauraren ƙarshenta. Ba a tsaya a "yanke" ba, an ce "ka yar". Ba a hana horo ba, ba a hana hukuma aikinta ba. Sallamawa aka hana. Ƙanena ya yi shekara biyu a gidan yari kan laifin da ya aikata da gaske. Mahaifinmu bai roƙar masa kowa ba, amma duk Juma'a sai ya kai masa tuwo da kansa.

Nas daga Maraɗi: To Hajiya, in shi ɗan ne yake cutar da 'yan gidan fa?

Hajiyar Fagge: A raba musu gida, a ci gaba da aika masa abinci.