Wai ina za a kai yara su ga kiɗa na gaske a Katsina?

Baban Khalifa, Ƙofar Marusa:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masu son waƙa irina, musamman 'yan Katsina da Daura da kewaye. Wai yanzu ina mutum zai je ya ga ana kiɗa da hannu, mawaƙi na rerawa da bakinshi 'yan amshi na amsa mashi, kuma wurin da za ka shiga da iyali ba ka ji kunya ba?

Abin da ya sa nake tambaya, kwanan nan waƙoƙi iri biyu ne suka kama gidana. Akwai wata sabuwa ta soyayya mai sanyi, fiyano a hankali da sarewa can ƙasa ƙasa, maman yara ce ta fara sa ta in tana girkin dare, tun ina jinta daga ɗaki har ta shige ni, yanzu ko a kan mashin nake sai in ji ina bin amshin. Sai kuma tsoffin waƙoƙin Shata da na sa wani mai tura waƙa a kasuwa ya cika mani memori da su, su nake sawa bayan isha'i in an ɗauke wuta mun shimfiɗa tabarma tsakar gida. To ran nan Khalifa, ɗan aji uku a firamare, ya tambaye ni wai Baba wane inji ne ke yin wannan ƙarar kamar yana magana. Kalangu fa yake nufi. Yaron da aka haifa a Katsina bai taɓa ganin kalangu da idonshi ba, wallahi abin ya tsaya mani a rai.

Da sallar da ta wuce na ɗauke shi da ƙanwarshi muka je wani wasa da aka shirya a wani hol, an ce bayan la'asar za a fara amma mawaƙin bai hau ba sai da aka yi isha'i, yara sun gaji ƙaramar har ta yi barci a kafaɗata. Da ya hau kuma dije ne ya saki waƙar daga kwamfuta shi yana riƙe da makirfo yana motsa baki yana tsalle. Ana cikin haka janareto ya yi tari ya mutu, waƙa ta tsaya cak, bawan Allahn nan ko baiti ɗaya bai iya ci gaba da shi ba, ya tsaya yana ɗaga ma mutane hannu har aka tada injin. Kuɗin tikiti bai dame ni ba kamar yadda na dawo gida ban nuna ma yaron abin da na je nuna mashi ba. Don Allah wanda ya san hanya ya taimaka.

Dattijon Daura:

Wa alaikumus salam. Ɗana ai abin da kake nema yana ƙofar gidanka, kuma kyauta. Ranar hawan sallah ka kama hannun yaro ku tafi filin Kangiwa, gaban gidan Sarki, da wuri ku samu gefe mai inuwa kusa da Ƙofar Soro. Kowane hakimi da tawagarshi yake wucewa kuma kowa da makaɗanshi, ka ga masu kalangu, masu ganga, masu algaita kumatu sun kumbura, in Sarki ya taso kuma ga tambura ga kakaki. Mafi yawan mutane dawaki da kayan ado suke kallo, kai ka ce ma yaron ya dubi hannun makaɗi, yadda yake matse kalangun a hammata yana sassautawa, nan maganar take fitowa, in ya matse tsarkiyar murya ta yi sama in ya saki ta sauko. In ranar sallah cunkoso ya yi yawa ku bari sai washegari hawan Bariki. Sai dai ka riƙe shi gam, kuma ka faɗa mashi tun a gida za a harba bindiga don kar ya firgita.

In kuma kana da hali ka zo mana Daura sallar Gani cikin watan Maulidi, tafiyar ba nisa, ka kai su su ga rijiyar Kusugu da safe da yamma ku kalli hawa.

Shata kuwa da ka ambata, ni na gan shi da idona yana wasa, kuma abin da memori ba zai ba ka ba shi ne yadda yake ƙera waƙa nan take. Mutum zai shigo fili sanƙira ya raɗa mashi sunanshi da na ubanshi da garinsu, kafin ya zauna ya shiga cikin waƙa, 'yan amshi ba su ɓata ba makaɗa ba su ɓata ba. Mutumin Musawa ne, ya yi zamanshi a Funtua, da ya rasu a 1999 nan Daura aka kawo shi aka rufe saboda abin da ke tsakaninshi da marigayi Sarki Muhammadu Bashar. Har jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, da kalangu fa, ba da kwamfuta ba. Allah ya jiƙanshi.

Maman Iman:

Baban Khalifa sannu da ƙoƙari, wallahi ka burge ni da ka ɗauki yaran da kanka, da yawa sai dai su sa babbar riga su fice su bar mu da su a gida, sai hotuna mu gani a waya. Amma ita maman yaran fa, ita da ta kawo waƙar gidan, an je da ita kuwa?

Mu mata namu kiɗan ma ya fi naku ɓacewa. Da in ana biki ko suna a gidanmu masu kiɗan ƙwarya ake kira, a cika babban baho da ruwa a kifa ƙwarya a kai, wasu ƙoren a ƙasa, mata zalla a tsakar gida an rufe ƙofar zaure, gwaggo da inna da kaka kowa ta ɗaure gyale a ƙugu ta shiga fili, ba mai ɗaukar ki a waya ba mai watsa ki duniya. Tun da Barmani Choge ta rasu a 2013, ita ma ai tamu ce 'yar ƙasar Funtua, sai ya zama kamar an naɗe tabarmar amada, yanzu kowa dije, sifika a bakin titi har sha biyun dare maƙwabci mai jinya bai runtsa ba. Amma fa suna nan ba su ƙare ba. Bikin ƙanwata ni na dage ranar wuni aka nemo wasu tsofaffi daga ƙauyen su mamanmu, da farko ƙawayen amarya sun ɓata rai wai ƙauyanci, da aka fara kuwa su suka hana kowa fili, kuma abin da muka ba matan nan da liƙi da komai bai kai abin da dije ya nema ba. Iman ɗina tun ranar duk ƙwaryar da ta gani a kicin sai ta kife ta.

Sai abu ɗaya da zan ƙara, a riƙa sauraren baitin waƙa kafin a sake ta a gida. Wata kiɗan ya yi daɗi amma maganar ciki ba ta yara ba ce, ni sai da na ji 'yar shekara biyar na rera wani baiti da ta ɗauko a TikTok a wayar yayarta, jikina ya yi sanyi.

Abba mai fiyano:

Yaya Baban Khalifa ka yi haƙuri in ɗan kare abokan sana'a, a sitidiyo nake aiki. Abin da ya faru da ku bai yi daɗi ba kam, amma ba duka laifin mawaƙi ba ne. Waƙar da kake ji a waya mutum ɗaya ne ya haɗa kiɗanta a fiyano, ya sa ganga ya ɗora bes ya ɗora sarewa ɗaya bayan ɗaya, mawaƙi ya shiga ya yi baiti baiti ana yankewa ana gyara murya a kwamfuta, mai amshi ma sau ɗaya za ta yi a yi ta maimaita shi. In kana so a yi wannan a fili da hannu sai ka ɗauko mutum biyar ko shida, a yi kwanaki ana gwaji, a samu mikisa mai kyau da sifikar da mawaƙi zai riƙa jin kanshi, ga mota ga masauki ga man janareto. Mai shirya wasa ba zai biya wannan ba, shi so yake a cika hol a tashi. Ga masu liƙi kuma da sun hau dandamali sai a tsaya kiran suna.

Duk da haka akwai tsaka-tsaki, a saki kiɗa zalla ba murya shi ya rera da bakinshi, kuma akwai yaranmu da ke iya wannan sosai, waɗanda suka taso ta waƙar bege ko Islamiyya muryarsu ba ta buƙatar gyara. Kafin ka sayi tikiti ka tambayi masu shiryawa kai tsaye za a yi ko bin waƙa, in mutane suka fara tambaya dole su canza. Kalangu kuma in kana son na kusa da kusa ka leƙa gidan dambe da la'asar, can makaɗa ba su san wani dije ba, amma ka fara zuwa kai kaɗai ka ga yanayin wurin kafin ka kai yaro.

Malam Na Ƙofar Ƙaura:

Ni dai tunatarwa ce. Duk inda za a je a duba lokacin salla, kuma wurin da maza da mata ke cakuɗe cikin dare ba wurin kai yara ba ne ko da wa zai yi wasan. Shawarar Baba na Daura ta fi kwanta mani, da rana ne kuma a bainar jama'a. Allah ya shirya mana zuri'a.

Baban Khalifa, Ƙofar Marusa:

Amin Malam, na gode ƙwarai jama'a. Baba in Allah ya kai mu Gani muna nan tafe Daura, kuma Maman Iman saƙonki ya isa, na karanta mata ta ce a gaishe ki, wannan karon da ita za a je, har ta ce sunan matar ƙanena da ke tafe masu ƙwarya za ta sa a nemo. Abba na fahimci uzurinku amma ni dai har yanzu ina ganin wanda ya karɓi kuɗin mutane ya kamata ko wuta ta ɗauke ya iya riƙe fili da bakinshi ko na minti biyu ne. Sauran tambaya ɗaya, akwai wanda ya san inda ake haɗa ƙaramin kalangu na yara a cikin gari, na fata na gaske ba na roba ba? Khalifa ya ce shi yake so in ya yi na ɗaya zuwa na biyar a jarabawa.