"Daidaiton zafi" bai yi ba: mu nemo wa thermal stability kalmar da ta dace

1/ Masu fassara da malaman kimiyya, ku matso kusa. A takardar bayanin haɗari da ke rakiyar sinadaran masana'antu akwai abin da Turawa ke kira thermal stability, kuma fassarar da ke yawo a hannun mutane ita ce "daidaiton zafi". Ban yarda da ita ba. Mai kula da sito in ya karanta haka, zai ɗauka ana so zafin ɗakin ya zama tsaka-tsaki ne. Alhali maganar a kan halin sinadarin take.

2/ Abin da ake tambaya shi ne, har zuwa wane matakin zafi sinadari zai zauna yadda yake bai fara wargajewa ba? Wargajewa daban, narkewa daban. Abin da ya narke, in ya huce yakan dawo yadda yake. Wanda ya wargaje ya zama wasu abubuwa ke nan, ba dawowa. Wasu sinadaran kuma suna wargajewa suna fitar da iskar gas da nasu zafin.

3/ Nasu zafin nan shi ne tushen maganar. Zafin da sinadarin ya fitar yana ƙara saurin wargajewar, saurin kuma yana ƙara zafi. Masana na ƙiyasta cewa a sinadarai da yawa, ƙarin digiri 10 kan kusan ninka saurin. Muddin zafin na samun hanyar fita ta jikin buhu ko duro, lafiya lau. Ranar da wanda ake haifarwa a ciki ya fi wanda ke fita, babu mai tsayar da shi. Duk manomin da ya taɓa jibge ɗanyar harawa ya san tsakiyar tulin kan ɗauki zafi, kuma babban tuli ya fi ƙarami ɗauka. Shi ya sa a ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya ba a kan ɗan cokali ake auna wannan mataki ba, a kan ƙunshin da za a yi jigila da shi ake aunawa. Sinadarin da ƙunshinsa mai kilo 50 ke fara haka a digiri 75 ko ƙasa da haka, yana iya faɗawa rukunin sinadarai masu tayar da wargajewa da kansu.

4/ Wani malami ya kawo "juriyar zafi". Ta fi ta farko nesa ba kusa ba, kuma da ita na so tsayawa. Sai wata 'yar'uwa mai koyar da kimiyya ta ce, "Malam, juriya ai ta abin da ake gasawa daga waje ce, kalmar ba ta nuna cewa wutar na iya tasowa daga cikinsa ba." Gaskiyarta. Amma a ganina wannan aikin wata kalma ce ta biyu, bai kamata mu ɗora wa kalma ɗaya kaya biyu ba.

5/ Ga abin da nake ba da shawara. Thermal stability ta zama "ɗorewa a zafi". Sai mu ce sinadari kaza yana ɗorewa har digiri kaza, wannan kuwa ba ya ɗorewa a zafi. Tana shiga jimla ba tare da an yi mata dole ba, kuma tana ɗauke da ma'anar lokaci, wanda yake da muhimmanci, domin abin da ya kwana ɗaya a digiri 45 lafiya ba lallai ya yi wata guda ba.

6/ Ta biyun, wato thermal runaway, ina son "ƙwacewar zafi". Muna cewa mota ta ƙwace wa direba, kowa ya san ma'anar: abu yana tafiya da ƙarfinsa, mai riƙe da shi ba shi da sauran iko. Daga nan sai mu samu "matakin ƙwacewa", wato mafi ƙarancin zafin da ƙunshi zai fara hakan. An kawo "ɓallewar zafi", ita ma ba laifi, sai dai ɓallewa ta fi kama da abin da ya faru farat ɗaya, wannan kuwa yakan yi sa'o'i ko kwanaki yana ruruwa a ɓoye.

7/ A gwada su a kan abin da ya faru. A watan Agustan 2017 guguwar Harvey ta kawo ambaliya masana'antar Arkema da ke Crosby a jihar Texas ta Amurka. Suna ajiye da sinadaran ferokzayid waɗanda dole su zauna cikin sanyi. Ruwa ya kashe lantarki, ya kashe janareto, na'urorin sanyaya tirelolin da aka kwashe kayan a ciki su ma suka tsaya. Ba wanda ya ƙyasta ashana. Wasu daga cikin kayan sun kai matakin ƙwacewa, suka kama da wuta da kansu, bayan an riga an kwashe mazauna kewaye. Jimlar ta zauna daram.

8/ Fashewar Beirut, babban birnin Labanon, kuwa wani abu ne daban, kuma nan ne ake yawan cakuɗa magana. Tan 2,750 na amoniyam naitiret, sinadarin da ake takin zamani da shi, sun shafe kimanin shekara shida a sito a tashar jiragen ruwa, domin sinadari ne mai ɗorewa a zafin yau da kullum, sai wajen digiri 170 yake narkewa. Gobara ce ta same shi ranar 4 ga Agusta 2020, ya tarwatse, mutum fiye da 200 suka rasu. A rabe-raben jigila yana rukuni na 5.1, na oxidizer. Kada a fassara wannan da "mai kama wuta". Shi iskar oksijin yake ba wutar, don haka "mai rura wuta" ne. Alamominsu ma daban: mai kama wuta harshen wuta kawai, mai rura wuta harshen wuta a kan zobe.

9/ Wannan ya shafe mu kai tsaye. Hodar kulorin da ake tsabtace ruwa da ita mai rura wuta ce, ba ta kuma ɗorewa sosai a zafi, musamman cikin manyan durorori ko in ta haɗu da damshi ko mai. Ku tuna zafin Afrilu a Sakkwato ko Yamai yana wuce digiri 40 a inuwa, balle cikin kwantenar ƙarfe da ke tsaye a rana.

10/ Saura ɗaya da har yanzu muke ja a kanta: physical hazard. Tsarin bai-ɗaya na Majalisar Ɗinkin Duniya kan rarraba haɗarin sinadarai, wanda aka fara bugawa a 2003, ya raba haɗari gida uku: wannan, da na lafiya, da na muhalli. "Haɗarin jiki" kuskure ne babba, domin mai karatu zai kai shi gidan haɗarin lafiya. Na so "haɗarin gobara da fashewa", sai dai cikin aji 17 na gidan akwai masu cin ƙarfe, waɗanda ba gobara ba ne ba kuma fashewa ba. A yanzu ina rubuta "haɗarin gobara, fashewa da cin ƙarfe". Ta yi tsawo a kan tambarin duro. Masu aiki a sito da direbobin tanka, me kuke ce wa irin wannan kaya a tsakaninku?