Wane suna za mu ba cutar siliyak a Hausa?

Mai fassarar shirin lafiya: Assalamu alaikum. Masana, ana neman suna ga cutar da likitoci ke kira siliyak, wadda cin alkama ke tayar da ita. An kawo uku: borin alkama, rashin jituwa da alkama, da ciwon alkama. Ina neman wanda tsohuwa a ƙauye za ta ji a rediyo ta gane abin da za ta daina ba jikanta.

Likitan ciki da hanji: Wa alaikumus salam, Malam. A cire borin alkama tun yanzu. Bahaushe na jin bori, borin jini zai faɗo masa: a ci abu, kafin awa guda jiki ya yi ruɗu-ruɗu da ƙaiƙayi, leɓe ya kumbura, wani lokacin numfashi ya sarƙe. Akwai masu yin haka da alkama, amma wannan cuta ce daban. Siliyak a hankali take ɓarna. Cikin alkama akwai furotin mai suna gulutin, wanda ba ya gama narkewa. Idan gutsattsarinsa suka isa ƙaramin hanji, wani sinadarin jiki yakan ɗan sauya musu siffa, sai garkuwar jikin wanda ya gaji cutar ta ɗauke su maƙiya, ta far wa bangon hanjin kansa. Bangon nan a lulluɓe yake da ƙananan tsiro kamar gashin tawul, su ke tsotse amfanin abinci. Sai su zaizaye, bango ya koma sumul. Yaro yana ci amma ba ya gani a jikinsa: gudawa mai maiƙo da wari, ciki a kumbure, ɗuwawu a motse, tsawo ya tsaya. Babba kuma sau da yawa ba gudawar ma, sai ƙarancin jinin da aka yi ta shan magani ya ƙi tafiya, ko raunin ƙashi, ko ƙuraje masu tsananin ƙaiƙayi a gwiwar hannu da ta ƙafa.

Malamar Hausa: Likita, ashe rashin jituwa ma ya yi sanyi. Da wannan kalmar muke cewa wane ba ya jituwa da wake, wato yana kumbura masa ciki, kuma gobe ya ci kaɗan ya kwana lafiya. Asalin siliyak ɗin daga kalmar Girkanci ne mai nufin ciki. In muka bi ta nan za mu ce ciwon ciki, wanda a wurinmu ya haɗa gyambon ciki da tsutsa da komai. Ku ba ni gulutin ɗin tukuna, yaya yake a ido?

Mai ilimin abinci: Malama, kowace mai yin taliyar murji ta san shi. A kwaɓa fulawa kofi ɗaya da tauri, a bar ta minti 30, a yi ta murza ta cikin ruwa ana sauyawa har ruwan ya daina fari. Abin da zai saura a hannu curi ne mai talewa kamar cingam. Shi ke riƙe iskar yis, funkaso da gurasa su tashi. Garin gero ko na masara in aka yi masa haka, duk zai bi ruwa. Sunansa a bakinmu danƙo.

Malamar Hausa: To mun samu: cutar danƙon alkama.

Likitan ciki da hanji: Ya zauna mini, sai dai gyara biyu. Kada a taɓa gajarta shi zuwa cutar danƙo, domin sakwara da tuwon shinkafa da rogo duk suna da danƙo, kuma babu abin da suke yi wa mai ita. Na biyu, sha'ir da hatsin rai na Turai suna da irin wannan furotin, don haka duk inda aka yi bayani a ambace su, a kuma ce a duba abin sha na malt. A takardar asibiti kuwa a bar siliyak, saboda ko a Nijar, inda da Faransanci za a rubuta, sautin kalmar an san shi.

Mai fassarar shirin lafiya: Wani zai bugo waya ya ce ai cutar Turawa ce.

Likitar yara: A amsa masa da adadi, Malam. A duniya kusan mutum 1 cikin 100 ne, amma binciken da aka buga a 1999 kan yaran Sahrawi, mutanen Yammacin Sahara, a sansanonin 'yan gudun hijira na Aljeriya ya samu kashi 5.6 cikin ɗari, a Afirka ke nan. Yadda aka gano tushenta ma ya isa hujja ga sunan nan namu. Samuel Gee ya bayyana alamominta a Landan a 1888 ba tare da ya san mai jawo ta ba. Likitan yara na Holan, Willem Dicke, shi ya ɗora laifin a kan alkama. A yunwar da aka yi a Holan daga 1944 zuwa 1945, da burodi ya yi wuya, yara masu cutar suka murmure, da ya dawo suka koma gidan jiya. Abin da ke damuna shi ne yaron da za a ce tamowa ce, a yi ta ba shi biskit da shayi da burodi don ya yi ƙiba.

Roƙona ɗaya ga shirin: kada mai zargi ya daina cin alkama kafin gwaji. Gwajin jinin tTG-IgA, da gutsuren bangon hanji da ake ɗebowa da na'urar leƙa ciki, duk za su iya fitowa lafiya lau in an riga an ƙaurace. In an tabbatar, a gwada iyaye da 'yan ɗaki, domin kusan 1 cikin 10 nasu kan kasance da ita.

Mai ilimin abinci: Maganinta kuma barin alkama ne har ƙarshen rayuwa, ba ragewa ba. Alkaki, fanke, cincin, taliya, Semovita da kuskus ɗin leda duk sun fita. Gero, dawa, masara, shinkafa, acca, doya da wake suna nan daram. Inda ake faɗawa rami shi ne ɓoyayyar fulawa: ɗanwaken da aka haɗa da ita, wainar da aka ƙara wa don ta yi laushi, ƙosan da aka soya a man fanke, da injin niƙan da alkama ta wuce ta cikinsa kafin dawarka. Ma'aunin duniya bai yarda a ce abinci ba shi da gulutin ba sai bai wuce miligiram 20 a kilo guda ba, don haka ɓurɓushin burodi a kan wuƙa ma abin gudu ne. A ware rariya da muciya, a yi daka a turmin da alkama ba ta shiga.

Mai fassarar shirin lafiya: Na gode ƙwarai. A shirin zan ce cutar danƙon alkama, wato siliyak. Saura abin da za a rubuta a jikin leda: "babu gulutin" ko "babu danƙon alkama"?

Malamar Hausa: Na biyun, Malam. Mai shago ma zai iya karanta wa mai saye ya gane.