Rodin fayiba: zai iya maye gurbin na ƙarfe a dekin?

Mai Ɗaurin Rodi, Gusau:
Assalamu alaikum. Shekarata 19 ina ɗaurin rodi, amma makon jiya aka miƙo mini abin da ban taɓa riƙewa ba. Alhajin da nake wa aikin bene ya zo da wani irin rodi guda uku, jikinsa da kaushi kamar an barbaɗa masa yashi. Ɗansa ne ya gano shi a waje, wai ba ya tsatsa. Na ɗaga shi da hannu ɗaya, sai na ji kamar karan dawa. Da na zo lanƙwasa shi in yi zobe, sai ya yi ƙara ya tsage kamar rake, wasu fararen zaruruwa suka shige mini tafin hannu, kwana biyu ina susa.

Maganar tsatsa ba wasa ba ce a wurina. Bara na fasa murfin wani sokawe da ya rufta da ƙafar yaro, Allah Ya taƙaita. Rodin ciki ya cinye, da hannu nake marmashe shi. To yanzu Alhaji na so a zuba dekin gaba ɗaya da wannan sabon. Masana, in yarda ko in ƙi?

Injiniya, Zariya:
Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka riƙe shi ake kira rodin fayiba: zaren gilashi ne, dubbai, aka jiƙa su da wani ƙaro na masana'anta, aka ja su ta cikin ƙarfe mai zafi har suka daskare suka zama sanda. Shi ya sa ba ya lanƙwasuwa a wurin aiki. Zobe da kusurwa duk daga kamfani ake yo su tun ƙaron bai daskare ba.

Gaskiya ɗan Alhaji ya faɗa, ba ya tsatsa. Nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na ƙarfe: rodinka mai 12 (kaurin milimita 12), tsawon mita 12, ya haura kilo 10, shi kuwa wajen kilo 3. In aka ja shi ta tsaye ma ya fi ƙarfe wuyar tsinkewa. A Kanada sun daɗe suna sa shi a gadoji saboda gishirin da suke watsa wa titi lokacin ƙanƙara yana cinye ƙarfe.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Yana miƙewa kusan ninki huɗu fiye da ƙarfe a ƙarƙashin kaya iri ɗaya. Ke nan in ka cire mai 12 na ƙarfe ka sa mai 12 na fayiba a tazara ɗaya, dekin zai yi ciki, tsagar kankare ta buɗe. Na biyu, ƙarfe yakan ba da sanarwa: ya lanƙwashe, a ga tsaga, mutane su fita. Wannan kuwa tsinkewa yake farat ɗaya. Na uku, gobara. Tun zafi na wajen digiri 100 ƙaron ke fara laushi, riƙonsa da kankare ya saki. Ko a Amurka sai a 2022 ƙungiyar masana kankare ta ACI ta fitar da cikakkiyar dokar gini da shi. Don Allah kada ka ɗaura shi a kan zanen da aka lissafa da ƙarfe. In Alhaji ya dage, a mai da zanen wurin injiniya a sake lissafi daga tushe.

Bakano a Jidda:
Nan Saudiyya an yi da shi sosai. A Jizan, bakin Bahar Maliya, kamfanin Aramco ya shimfiɗa magudanar ambaliya mai tsawon sama da kilomita 21 da irin wannan rodi, saboda ƙasar wurin gishiri ce. Sai dai ka lura, kankare ne kwance a ƙasa, ba bene ba ne da iyali ke kwana a ƙarƙashinsa.

Tsohon Birkila:
Ɗana, ni abin da ke damuna daban ne. Rodin ƙarfe in an rage masa kauri, kana ɗagawa ka sani. Wannan in an cika ƙaro an rage zare, da me za ka gane? Ka nemi takardar gwajin kamfanin kafin ka taɓa. Abu ɗaya dai ya burge ni: 'yan jari-bola ba su da abin yi da shi. Murafun kwalbati da ake ta sacewa a Abuja, da irin wannan aka yi su da sun zauna lafiya.

Mai Ɗaurin Rodi, Gusau:
Allah Ya saka da alheri, Injiniya, Baba na gode. Na karanta wa Alhaji bayanan nan a gaban ɗansa. Mun tsaya a kan dekin da ginshiƙai da ƙarfe, kamar yadda zane ya nuna. Murfin sokawe da daɓen tankin ruwa na ƙasa za mu gwada da fayiba, in injiniyan aikin ya ba mu tazara. Saura tambaya ɗaya: da me ake yanka shi? Almakashin rodi murƙushe shi yake yi.

Injiniya, Zariya:
Da injin yanka mai faifai, ko zarto mai ƙananan haƙora. Ka sa safar hannu da tabarau da takunkumi, ƙurarsa gilashi ce. Kuma ka ɗaure shi da kyau a kan 'yan duwatsun tazara, don in an zuba kankare yakan taso sama saboda rashin nauyi.