"Rijiya ta bayar, guga ya hana": ko ta dace da ƙasar da ta ɓalle?

Malam Habibu: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ana yawan kawo karin maganar nan idan ana zancen Sudan ta Kudu, kuma ina so mu duba ko an ɗora ta a muhallinta. Da ƙasar ta ɓalle a ranar 9 ga Yulin 2011, ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur ɗin da tsohuwar Sudan ke haƙowa, amma bututun da ke kai man zuwa tashar Port Sudan a gaɓar Bahar Maliya ya ci gaba da zama a hannun gwamnatin Sudan da ke Khartum. Masu kawo maganar suna nufin Allah ya ba mutanen Kudu arziki, maƙwabci ya tare musu hanya.

Hajiya Ladidi: Wa alaikumus salam, Malam. Ni dai ban ga ta dace ba. Gugan da ke cikin karin maganar shi ne ɗan aike ko yaron gida wanda mai abu ya ce a bayar, shi kuma ya yi ƙememe da abin da ba nasa ba, kuma daga nan ne maganar take samun zafinta. Sudan kuwa ba 'yar aiken kowa ba ce, domin bututun a cikin ƙasarta yake, ita ke tsaronsa, saboda haka neman ladan wucewa haƙƙinta ne. Sannan a tuna cewa a watan Janairun 2012 gwamnatin Sudan ta Kudu da ke Juba ce da kanta ta rufe rijiyoyin, alhali man ne ke samar mata da kusan kashi 98 cikin ɗari na kuɗin shiga. Rijiyar ce ta rufe bakinta.

Malam Sani: Hajiya, a gafarce ni, kin taƙaita ma'anar fiye da yadda mutane ke amfani da ita. Ana faɗar ta ga duk wanda ya tsaya tsakanin mabuƙaci da abin da ya kamata ya iso gare shi. Khartum ta nemi sama da dala 30 a kan kowace ganga, da aka ƙi biya kuma ta riƙa kwashe man tana cewa ladanta take ɗauka. Idan wannan ba hani ba ne, mene ne hani? Sai da aka ƙulla yarjejeniya a Addis Ababa a watan Satumban 2012, man kuma bai sake gudana ba sai a 2013.

Dakta Rabi'u: Ku ba ni dama in kawo wadda nake ganin ta fi kama bakin zaren, wato "guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni". Ga misali, Singafo ta rabu da Malesiya a 1965 tana dogaro da ruwan jihar Johor ta Malesiya. Yarjejeniyar 1962 ta ba ta damar ɗibar galan miliyan 250 a kullum daga kogin Johor har zuwa 2061, kuma shugabanninta sun tabbatar an rubuta lamunin ruwan a cikin takardar rabuwar kanta, aka yi mata rajista a Majalisar Ɗinkin Duniya. Duk da haka ba su miƙe ƙafa ba: sun fara tace ruwan da aka riga aka yi amfani da shi a 2003, suka buɗe tashar cire gishiri daga ruwan teku a 2005, har suka bar ɗaya yarjejeniyar, ta 1961, ta ƙare a 2011 ba tare da sun nemi sabunta ta ba. Abin da ya fi damuna da maganar guga shi ne tana koya wa mutane ɗora laifi, ba ta koya musu shiri kafin ranar rabuwa.

Malam Sani: Amma Dakta, ai har yau Singafo tana shan ruwan Johor, kuma Malesiya ta sha yin ƙorafin cewa farashin ya yi araha da yawa. Gatarin bai raba ta da aro ba.

Hajiya Ladidi: Haka ne, Malam Sani, sai dai ya rage mata tsoron ranar da za a ce ba za a ba ta ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a teburin ciniki. Inda nake jayayya da Dakta shi ne, ba kowace ƙasa ce ke da ƙarfen ƙera gatarin ba. Singafo teku ya kewaye ta, tana kuma da kuɗin tace shi, ita kuwa Sudan ta Kudu ba ta da gaɓar teku ko taku ɗaya. Tun 2012 ake maganar shimfiɗa mata bututu zuwa Lamu a Kenya, ba a shimfiɗa ba, shi ya sa da yaƙin Sudan ya jawo lalacewar bututun da ke zuwa Port Sudan a farkon 2024, ma'aikatan gwamnati a Juba suka yi watanni ba albashi saboda faɗan da ba nasu ba.