Kontirabas, kamanja da goge a albam ɗaya: ta ina ake farawa?

Ɗan Mai Wurno:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina Jidda, kontirabas nake kaɗawa, wato ƙaton gogen Bature mai sauti mai zurfi, kuma ina shirin albam ɗina na farko: waƙa 7, jaz mai rakiyar ƙungiyar kamanja (ƙaramin gogen Bature), amma ginshiƙinsa waƙoƙinmu ne na gargajiya, da goge da kalangu. Mun gwada ɗaukar waƙa guda, abu biyu suka tsaya mini a rai. Da kamanja ta shigo sai goge ya zama kamar bai saitu ba, alhali in shi kaɗai ne daram yake. Sannan bes ɗin, wato kontirabas ɗina, yana ruri a wasu sautuka, a wasu kuma ya ɓace. Ɗakin mita 4 ne da 3, masu kamanja 4 gare ni da mai celo (gogen Bature matsakaici) 1. Ina na kauce?

Baba Mai Kamanja:
Wa alaikumus salam ɗana. Goge ba shi da laifi, rubutunka ne ya tsokane shi. Waƙoƙin nan a kan sautuka 5 suke tafiya, abin da mutanen Sudan ke kira sullam khumasi. In ka ɗauki do a matsayin gida, do re mi sol la ke nan, babu fa, babu si. Jaz kuwa yana son jera si a kan do. Da zarar kamanja ta riƙe si yayin da goge ke zaune a do, tazarar da ke tsakaninsu ta yi kaɗan, sai su yi ta gogayya, kunne kuma ya ɗora wa goge laifi. Abu na biyu, mi ɗin mai goge ba dole ya faɗi daidai inda na piyano yake ba, domin da kunne yake samo shi a kan tsirkiya ɗaya. To muddin goge na magana, cire mi daga kamanja. Ka ba su do da sol, ko re da sol da do a jere, su bar masa fili. Sautukan jaz masu yaji ka ajiye su sai inda mawaƙi ya ja numfashi.

Wannan dabara tsohuwa ce. Saurari ƙungiyoyin Rediyon Omdurman na Sudan, inda A'isha Falatiya, 'yar Hausawa, ta yi waƙa tun shekarun 1940: kamanja duka layi ɗaya suke bi tare da murya, sai ta yi shiru su amsa mata. Kuma kada ka kuskura ka ɗaga ko ka sauke sautin waƙar don ya dace da rubutunka. Hausa da karin sauti take, gaɓa ɗaya in ta sauka, kukan yaro ya koma kukar miya.

Injiniya Abu Sauti:
Ƙanena, rurin nan na ɗaki ne. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. Raba shi da ninkin tsawon ɗakin, wato 8, ka samu kusan hertz 43, wato girgizar sauti sau 43 a daƙiƙa. Tsirkiyarka mafi kauri, mi, tana kan 41. Bangon mita 3 kuma yana ba da kusan 57, tsirkiyar la tana kan 55. Ɗakin yana kumbura sautukan nan biyu a jikin bango da kusurwa, yana haɗiye su a tsakiya. Soso da kwalin ƙwai ba sa taɓa sauti mai zurfi irin wannan. Jingina katifu masu kauri a kusurwoyi, ka bar rata a bayansu, ka tsaya wajen kashi ɗaya bisa uku na tsawon ɗakin.

Makirfo ya kasance santimita 30 zuwa 40 daga jaki, wato katakon da ke ɗage tsirkiyoyi, yana duban tsakanin jaki da ƙarshen allon yatsu. In ka cusa shi bakin ramin gaban kayan, gurnani kawai za ka kwasa. In kana haɗawa da na'urar ɗaukar sauti ta jikin jaki, ita ce za ta riga isowa: makirfo mai nisan santimita 34 yana makara da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, samfur 48 ke nan in kwamfuta na ɗaukar samfurin sauti 48,000 a daƙiƙa. Jinkirta layin na'urar da wannan adadin, in ba haka ba su cinye juna bes ya sirance. Ka kuma kula da ƙugin lantarki. Na Saudiyya hertz 60 ne, ba 50 irin na Sudan ba, kuma si ɗinka na ƙasa yana kan 61.7, don haka in ka yanke ƙugin a kwamfuta ka yanke si ɗin tare da shi. Gyara wayar tun kafin ɗauka.

Masu kamanja 4 za su iya zama 12 in aka ɗauke su sau 3, amma kowane zagaye su sauya kujeru, a matsar da makirfo kamar rabin mita.

Yaya ta Kasala:
Baba da Injiniya sun gama da babban aiki, ni ga abin da ake mantawa: iskar Jidda. Waje laima, ciki mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya busar da iska. Fatar guza da ke kan ƙwaryar goge tana saki da laima, jaki ya nutse, sauti ya sauka. In ta sha sanyin ɗaki ta ɗame, ya hau. Goge ya yi awa guda a ɗakin kafin a saita shi, kuma daga gare shi kowa zai ɗauki sauti, a sake dubawa bayan kowace ɗauka biyu. Katakon kontirabas yana son laima tsakanin kashi 40 da 60 cikin ɗari, sayi ƙaramin ma'auni ka rataye. Kada ka bar shi a mota, manne yana saki, ƙaron izga ya narke.

Ɗan Mai Wurno:
Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: mu bi na'urar ƙidayar bugu ko mu bar ta?

Baba Mai Kamanja:
Bar ta, ɗana. Mai kalangu yana ja yana saki bisa maganar mawaƙi, na'ura za ta sandarar da shi. Ɗauki murya, goge, kalangu da bes tare, su ne gindi. Sai ka rubuta kamanja a kan abin da ya fito. Mai kalangu dai ya buga 4 a fili kafin kowace waƙa da bayan kowane dogon shiru, don masu kamanja su san inda za su shigo, daga baya a share bugun.