Wa ya taɓa samun kwandalar tunawa a cikin canji, kuma nawa ta kawo masa?

Mai buɗe zance:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. A makon jiya aka ba ni canji, sai na ga wata kwandalar Yuro 2 wadda bayanta ya bambanta da waɗanda na saba gani. An zana wani ɗan mutum kamar zanen yaro, hannunsa ya haɗe da alamar Yuro, an kuma rubuta 1999-2009 a ƙasa. Da na duba a intanet na tarar wani ya sa irinta a kasuwa yana neman dubban Yuro, abin da ya sa na kasa kashe ta har yau. Ina roƙon wanda ya taɓa tsintar irin waɗannan sulalla da hannunsa, musamman wanda ya kai ga sayarwa, ya gaya mana abin da ya gani da idonsa.

Daga wata 'yar'uwa mai aikin karɓar kuɗi a Jamus:

Wa alaikumus salam, Malam. Wannan kwandala tana ratsa hannuna kusan kowane mako. An buga ta a 2009 domin cika shekara goma da haɗa tsarin kuɗin Turai, kuma duka ƙasashe 16 da ke amfani da Yuro a lokacin sun fitar da ita da zane ɗaya, Jamus kaɗai ta buga miliyan 30. Saboda haka darajarta Yuro 2 ce, sai dai idan tana nan fes kamar ba a taɓa ta ba, mai tarawa ya ƙara maka ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Kuɗin da mutum ya rubuta yana nema daban, kuɗin da aka biya daban, don haka ka riƙa duba cinikin da aka riga aka kammala.

Ni na fara tarawa da jerin jihohin Jamus da aka soma a 2006 da hoton ƙofar Holstentor ta birnin Lübeck. Abin da ya ja ni shi ne ɗan harafin da ke jikin kowace kwandala, wanda ke nuna inda aka buga ta: A ta Berlin ce, D ta Munich, F ta Stuttgart, G ta Karlsruhe, J kuma ta Hamburg. Da izinin shugabar aikinmu nake musanya wadda nake so da kuɗina idan an tashi aiki. A duk shekarun nan sau ɗaya na yi dace na gaske, ranar da na ci karo da ta Finland ta 2004, wadda aka buga miliyan ɗaya kacal don tunawa da shigar sabbin ƙasashe goma cikin Tarayyar Turai. Zanenta ba ya ɗaukar ido, har na kusa miƙa ta ga mai jiran canji. Na sayar da ita ninkin darajarta sau da yawa, amma har yanzu ina jin da na riƙe ta. Ta Monaco ta 2007 mai hoton Grace Kelly, marigayiya matar yariman ƙasar, wadda aka buga 20,001, ban taɓa sa rai da ita ba, domin tun farko a hannun masu tarawa ta ƙare.

Daga wani ɗan'uwa mai tuƙin tasi a Ingila:

Hajiya ta faɗi gaskiya. Ni peni 50 nake bi. Domin gasar Olamfik ta Landan ta 2012 an saki zane 29, kowanne da wasansa, na ɗauki shekaru kafin na haɗa su daga canjin fasinjoji, kuma wadda ta fi wahalar da ni ita ce ta ƙwallon ƙafa mai bayanin satar gida. Wadda kowa ke mafarki ita ce ta lambun Kew da ke Landan, ta 2009, mai hoton hasumiya da tsiro ya nannaɗe ta, domin 210,000 kawai aka saki. Wata rana da dare na ga hasumiyar a tafin hannuna, gabana ya faɗi, amma da na kai ta wurin mai sayen tsofaffin kuɗi ya ɗora ta a sikeli, ya duba ta da madubi, ya ce jabu ce. Na ji ciwo ƙwarai. Tun daga ranar nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni cewa ya nuna wa masani kafin ya fara lissafin riba.

Daga wani dattijo a Amurka:

'Ya'yana, ku ji kuskuren da na yi don kada ku maimaita shi. Ni da jikokina mun cika taswirar senti 25 ta jihohi hamsin da aka fitar daga 1999 zuwa 2008, muna kuma ware ta 1976 mai hoton makaɗin ganga, ta cikar ƙasar shekara ɗari biyu, ko da yake an buga ta da yawan da ya sa ba ta wuce darajarta in ta sha hannu. Wata rana ƙaramar jikata tana zuba canji a tebur sai na ji wata ta yi ƙara siririya mai tsawo, ba irin ta sauran ba. Na juya gefenta, babu jan layin tagullar nan da ake gani a na yanzu, shekarar kuma 1964 ce, wato ta ƙarshe da aka yi su da azurfa kashi 90 cikin ɗari. Don murna na ɗauko man goge ƙarfe na dirje ta har tana ƙyalli. Mai sayen ya sa ta a ƙarƙashin fitila ya nuna mini ƙananan ƙarce-ƙarce da suka cika fuskarta, ya ce yanzu kuɗin azurfarta kaɗai zai biya, domin masu tarawa sun fi son duhun da shekaru suka bar mata. Yanzu a gefe nake riƙe kowace kwandala, kuma kowace tana da 'yar takardarta.

Mai buɗe zance:

Na gode Hajiya, na gode Malam, Baba kuma Allah ya ƙara lafiya. Na ɗauko madubi na duba tawa, ta Jamus ce, harafin J ne a jikinta, kuma ta sha hannu sosai. Na fasa sayarwa, na kuma ajiye man gogewar da na riga na tanada. Yanzu saura A, D, F da G, don haka wanda ke da ɗaya daga cikinsu ninki biyu ya sanar da ni mu yi musaya.